Daren Laraba a bayan shagon kafinta

Saura kwana 9 Sallah na sayar da keken ɗinkina, alhali atamfofi da shaddodin mutane na jibge a shago. Butterfly ne, gadon mahaifina. Kuɗin ko mako biyu bai yi ba ya ƙare wajen masu goskolo a Tudun Wada. Duk ɗan Jos ya san goskolo, barasar nan ta haɗin gida: fari tas kamar ruwan famfo, ga araha, ga cin hanta. Da burukutu na soma, ina ce wa kaina ai dawa ce, kunu ne da ya kwana. Daga nan sai kwalba, sai 'yan ledar nan da ake cusawa a aljihu ba wanda ya gani.

Musulmi mashayi aiki biyu gare shi, ga shan ga ɓoyon. Shekara 11 ina tauna goro da Tom Tom, ina bulbula turare, ina laɓewa a ƙarshen sahu don kada na kusa da ni ya ji wari. Maiɗakina ta yi yaji sau uku ana biko. A na huɗu ta kwashe yara da kayanta.

Tuba kam na yi ba adadi. Kowane azumi nakan rage, daren Sallah in rama. Da na rasa keke na rasa iyali, sai na kulle kaina a ɗaki na ce daga yau an gama. Kwana na biyu hannuna ya ƙi riƙe kofi. Na uku ina ganin ƙwari suna bin bango, ina ihu. Ƙanena ne ya ɓalle ƙofa ya kai ni asibiti. Likitan ya ce jikin da ya daɗe yana shan giya kullum, in aka yanke masa lokaci guda, jijjiga da gushewar hankali kan taso cikin kwana biyu zuwa uku, kuma suna kisa. Aka sa ni a kan diazepam ana ragewa sannu a hankali, da allurar bitamin B1. Shi ya sa har gobe in wani ya ce mini zai daina, abin da nake fara ce masa shi ne ya ga likita tukuna.

Asibiti ya wanke jini, amma ranar da aka sallame ni ƙafata ta san hanyar Tudun Wada fiye da hanyar gida. A bakin ƙofar ne wani dattijo, tsohon ma'aikacin reluwe da ke zuwa duba irinmu, ya tare ni. Kawu muke ce masa. Na fara rattaba masa cewa ni fa ba wani sha nake yi sosai ba, damuwa ce kawai. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Ɗana, duk ƙaryar da za ka yi mini, na riga ka yin ta. Laraba bayan isha'i, ka zo."

Mu takwas na tarar a kan benci bayan shagon wani kafinta, da butar shayi. Musulmi da Kirista, a garin da tun rikicin 2001 kowa ya koma unguwar 'yan'uwansa. Ba a taɓa kawo wannan zance ba, don goskolo bai tambayi ɗayanmu inda yake ibada ba. Kawu ya ce tsarin aro ne daga ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wadda ta faro a garin Akron na jihar Ohio a Amurka a 1935, lokacin da wasu mashaya biyu, Bill Wilson da likita Bob Smith, suka gano cewa hira da juna ce ke hana su komawa kwalba. Mu ba mu da rajista da kowa. Abin da aka faɗa a benci a benci yake kwana, ba a katse mai magana, kuma ba a rantsuwar har abada, ta yau kawai ake yi. Wannan na ƙarshen ya dame ni da farko, na ga kamar wasa da tuba ne. Sai wani malamin makarantar allo da ke cikinmu ya tuna mini cewa haramcin giya ma daki-daki ya sauka: a Baƙara, sannan Nisa'i, kafin Ma'ida ta rufe ƙofa.

Wa'azi na sha shi, kuma gaskiya ne duk abin da aka faɗa mini. Amma mai wa'azi bai san ƙarfe biyar na yamma ba, lokacin da maƙogwaro ke bushewa, ko ranar da kuɗi ya shigo aljihu. Mutanen benci sun sani. A wata na 14 aka biya ni kuɗin ɗinkin anko, na wuce Tudun Wada kai tsaye. Ƙarfe biyun dare na kira Kawu ina kuka. Bai yi faɗa ba, bai kuma lallashe ni ba. Ya ce in sha ruwa, in ba ƙanena sauran kuɗin, Laraba in faɗa da bakina. Na faɗa. Aka soma mini lissafi daga ɗaya.

Su ne kuma suka sa na rubuta sunayen waɗanda na ci wa kaya. Mutum 23. Na koma yaron shago a wajen wanda ni na koya wa riƙe almakashi, kuma in faɗi gaskiya, wannan ya fi karkarwar asibiti ciwo. Kowane wata nakan je gida ɗaya da kuɗi a hannu. Wasu suka yafe, wasu suka karɓa ba su ce uffan ba. Sai da na kai rabi surukina ya yarda a yi maganar kome, shi ma da sharaɗin zai riƙa tambayar Kawu labarina.

Yanzu shekara 8 ke nan, da kekuna biyu da yara uku masu koyo, kuma ba na kashe waya da dare. Mutum 22 na sallama. Ta ƙarshen wata hajiya ce da na salwantar wa leshin bikin 'yarta. Sau biyu ina zuwa tana cewa a ce ba ta nan. Kuɗinta na cikin ambulan a durowar keke, kuma duk lokacin da leshi ya tashi a kasuwa nakan ƙara a kai.