Ranar da ɗana ya nemi kuɗin aike a hannun kakarsa

Muna zaune ne a wani gidan haya a Aboabo, cikin birnin Kumasi, gida mai ɗakuna da yawa da famfo ɗaya a tsakar gida, inda duk abin da uwa ta yi wa ɗanta da safe maƙwabta sun ji shi kafin azahar. Ni malamar firamare ce, 'ya'yana uku. A lokacin da abin da zan ba da labari ya faru, ɗan farin yana da shekara tara, ƙanwarsa bakwai, autan kuwa bai daɗe da yaye ba. Babbar damuwata a wancan lokaci ita ce safiya, domin sai an yi rigima kan wanka, an nemi takalmi wari ɗaya a ƙarƙashin gado, sannan in isa wurin aiki raina a ɓace. Na gaji da tsawa, bulala kuwa na riga na ajiye ta, saboda tun 2017 Hukumar Ilimi ta Gana ta hana dukan yara a makarantu, kuma na ga bai dace in kame hannuna a aji sannan in sake shi a kan 'ya'yan cikina ba.

Sai na samo gwangwanin Milo da ya ƙare, na cika shi da tsabar kuɗin da nake tarawa daga canjin mota, na ajiye a saman kabad. Kowane aiki na yanka masa farashi: sharar ƙofar ɗaki pesewa 50, wato rabin sidi a kuɗin Gana, wanke kwanonin dare sidi 1, wanda kuma ya shirya tsaf kafin ƙarfe bakwai yana da pesewa 50. Makonni biyun farko gidan ya zama kamar ba namu ba. Har rige-rigen ɗaukar tsintsiya suke yi, ni kuwa ina murna na gano maganin da ya gagari iyaye.

Wata Asabar da safe kakarsu, mahaifiyar maigidana, tana zaune a kan tabarma da carbinta a hannu, ta kira ɗan farin ta miƙa masa kwano ta ce, "Maigida, je ka sayo mini koko da ƙosai a bakin titi." Yaron ya karɓi kwanon, ya tsaya, ya dube ta ba tare da jin ya yi wani laifi ba, ya ce, "Kaka, nawa za ki ba ni?" Matan da ke wanki a bakin famfo suka yi tsit. Hajiya ba ta ce masa komai ba. Sai da dare, bayan yara sun kwanta, ta kira ni ta ce, "'Yar nan, jika na ba ki ki raina mini, ba ɗan dako ba." Ban taɓa jin kunya irin ta wannan dare ba, kuma na san laifin ba na yaron ba ne, domin abin da na koya masa shi ya maimaita.

A daren ne na tuna wani bincike da aka karantar da mu a kwalejin horar da malamai, wanda na rubuta a jarrabawa na manta da shi a gida. A 1973 wasu masana halayyar ɗan Adam su uku, Lepper da Greene da Nisbett, sun gwada yara ƙanana masu son zane a makarantar renon yara ta Jami'ar Stanford da ke Amurka. Kashi ɗaya an yi musu alkawarin takardar yabo in sun yi zane, kashi na biyu an ba su takardar bayan sun gama ba tare da sun san za a ba su ba, na uku ba a ba su komai ba. Da aka sake ajiye musu kayan zanen bayan kwanaki, waɗanda aka yi wa alkawari lokacin da suka ɗauka suna zane bai wuce kusan rabin na sauran ba. Waɗanda kyautar ta zo musu ba zato kuwa sha'awarsu ba ta ragu ba. Abin da yaro yake yi don yana so, in aka sa masa farashi tun farko, sai ya koma yi don farashin.

Da na yi wa Hajiya wannan bayani, sai ta ce ai Bahaushe ya daɗe da raba tukwici da ciniki. Tukwici bayan an yi abu ake ba da shi, mai bayarwa ne yake yanke shi, kuma yaron da aka aika da kwanon tuwo gidan maƙwabta ba ya tambayar nawa ne kafin ya ɗauka. Wannan magana ta fi mini duk abin da ke cikin littafin.

Na sauke gwangwanin, na tara su na gaya musu gaskiya cewa ni na yi kuskure, kuma daga yau shara da wanke-wanke da aike aikin ɗan gida ne, kamar yadda babu mai biyana kuɗin girki. An yi kwanaki ana kumbure-kumbure. Lada sai na bar shi ga abu ɗaya kawai a lokaci guda, abin da yake da wuyar farawa. Ga yarinyar, shirin safe ne, ga yayanta kuwa bitar allo bayan magariba. Na zana wa kowa layinsa a bayan tsohuwar kalanda, duk ranar da ya cika sai ya sa alama da hannunsa, kuma na lura sa alamar kanta tana faranta musu rai kusan kamar kyautar. Da farko na haɗa su gasa, yarinyar tana ci kullum, yaron ya zubar da abin gaba ɗaya. Na tuna hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci iyaye da yin adalci tsakanin 'ya'yansu a kyauta, sai na daina gwada wani da wani.

Ladan ma na canza shi daga kuɗi zuwa lokaci. Wanda ya cika alama goma shi zai zaɓi abincin Juma'a, ko ya raka babansa kasuwar Kejetiya, ko a kai shi filin wasa na Baba Yara kallon ƙwallon Asante Kotoko. A nan na sake yin tuntuɓe. Na yi wa yarinyar alkawarin kai ta gidan namun daji, ta cika alamominta, ni kuma na ɗaga tafiyar har sau biyu saboda biki da gajiya. Mako na uku ta daina sa alama, da na tambaye ta sai ta ce, "Mama, ai ko na cika ba za mu je ba." Akwai hadisi a Abu Dawuda game da matar da ta kira ɗanta ta ce zo in ba ka wani abu, Annabi ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino, ya ce da ba ta ba shi komai ba da an rubuta mata ƙarya. Ranar Asabar ɗin nan muka shiga mota muka tafi, kuma tun daga lokacin ba na ambaton ladan da ban riga na ware kuɗinsa da ranarsa ba.

Salla ban taɓa sa mata lada na kuɗi ba, kuma ba zan sa ba, domin ba na son yaro ya tsaya gaban Ubangijinsa yana lissafin abin da zan biya shi. Azumi kuwa nakan yi koyi da matan sahabbai da suke yi wa yara abin wasa na ulu su shagala da shi har rana ta faɗi. Idan yarinyar ta kai azuminta, ita ke fara zaɓar ƙosai a faranti, kuma nakan faɗa wa babanta a gabanta cewa yau ta daure ƙishirwar la'asar ba ta yi ƙorafi ba. Na lura yabon da ya ambaci ainihin abin da yaro ya yi ya fi zama a zuciyarsa fiye da a ce masa yaron kirki kawai.

Bayan wata biyu shirin safe ya zame mata jiki, na cire layinta daga kalandar ba tare da ta tambaya ba. Na yayanta ya ɗauki kusan zango guda na karatu, har yanzu kuma akwai daren da sai na tuna masa. Bana autan ya fara makarantar allo, na zana masa nasa layin, kuma yayan ne yake ɗaga shi sama kowace magariba don hannunsa ya kai inda zai sa alamar.