Taku 30 gabas, taku 40 arewa

A gwajin farko da aka yi mana na fiziks a aji ɗaya na babbar sakandare, tambayar da na fi raina ita ce ta kayar da ni. Wai mai keke ya yi tafiyar kilomita 6 arewa, ya juya ya yi kilomita 8 gabas, yaya ya gusa daga inda ya tashi? Ban ko ɗauki rula ba, na rubuta 14. Da takarda ta dawo, malam ya ja jan biro a kai, ya rubuta a gefe: "Wannan gajiyar ƙafarsa ce."

Abin ya yi mini ciwo, don ni dai a sanina 6 da 8 sun zama 14 ko a kasuwa ko a makaranta.

Washegari malam bai taɓa alli ba. Ya kwashe mu zuwa filin ƙwallo, hazon hunturu ya rufe gari, kowa na hura hannu. Ya kafa dutse, ya ce in tsaya a kai. "Yi taku 30 gabas." Na yi. "Juya arewa, taku 40." Na yi, ina ƙirgawa da ƙarfi. Sai ya ce in dubi dutsen in koma masa kai tsaye, ba kwana. Na isa a taku 51. Ya ce ɗayan nan rashin daidaiton takuna ne, amsar 50 ce. Na yi tafiyar taku 70, amma tsakanina da dutsen 50 ne kawai. Na farkon shi ne nisan tafiya, lamba ce tsura. Na biyun shi ne gusawa, kuma ita ba ta cika sai an faɗi inda ta dosa. Duk abin da ke da girma da kuma alkibla, irin su gusawa da ƙarfin turi, shi ake kira bekta, ana zana shi da kibiya.

A nan ƙasa ya zana mana da tsinke. Kibiya ta biyu ana ɗora gindinta a kan tsinin ta farko, sannan a ja sabuwa daga mafari zuwa tsinin ƙarshe. Wannan sabuwar ita ce jimilla. Tunda gabas da arewa sun haɗu a kusurwa mai digiri 90, ƙa'idar Fitagoras ta shigo: 30 sau 30, a tara da 40 sau 40, ya ba da 2,500, wato 50 sau 50.

Da na koma gida na ba kawuna labari, shi magini ne, sai ya yi murmushi ya ce in bi shi wurin aiki ranar Asabar. Na tarar suna fitar da harsashin gida da igiya da fegi. Ya auna ƙafa 3 a igiya ɗaya, ƙafa 4 a ɗayar, ya ja tef tsakaninsu, yana matsar da fegin har sai da ya nuna 5 cif. Na ce, "Kawu, ai wannan shi ne karatunmu!" Ya ce shi a wurin maigidansa ya koya, in ba a yi haka ba kwanar ɗaki za ta karkace, kafinta ya zo yana faɗa. Har yau ina ganin da za a fara wannan darasi a wurin gini, da yara da yawa ba su tsorata da shi ba.

Amma ban gama tuntuɓe ba. A gwaji na gaba na samu 10 daidai a lissafin mai keken, sai aka ba ni rabin maki, saboda ban faɗi alkibla ba. Cikakkiyar amsa ita ce kilomita 10, digiri 53 daga arewa zuwa gabas. In ka auna daga gabas kuwa digiri 37 ne. Sau da yawa na riƙa cakuɗa biyun, har na ɗora wa kaina doka: kafin in taɓa lamba sai na zana gicciyen arewa, kudu, gabas da yamma a kan takarda.

Da muka kai ga kiban da ba su haɗu a digiri 90 ba, aka koya mana tsaga kowace gida biyu, rabon gabas da rabon arewa. Tafiyar kilomita 10 da ta ɗaga digiri 30 daga gabas tana da kilomita 8.66 gabas da kilomita 5 arewa. Sai ka tara na gabas daban, na arewa daban, yamma da kudu kuma su zama ragi. Wani dare na shafe fiye da awa ina neman sain ɗin digiri 30, wato lambar da ake ninka 10 da ita a samu 5 ɗin arewa, kalkuleta na ba ni -0.988 a maimakon 0.5. Ashe an taɓa maɓalli ta koma radiyan, wani ma'aunin kusurwa ne daban da digiri. Wata 'yar ajinmu ce ta gano mini da safe.

Misalin da ya fi zama a raina na same shi ne bayan kakata ta dawo daga aikin Hajji, tana ba mu labarin sa'ayi. Tsakanin Safa da Marwa wajen mita 450 ne, ana yi sau 7, a fara daga Safa a ƙare a Marwa. Na zauna kusa da ita da biro: zuwa da dawowa sau 3 sun share juna, saura zuwa ɗaya. Ƙafarta ta taka fiye da kilomita 3, gusawarta kuwa mita 450 ce, daga Safa zuwa Marwa. Na nuna mata zanen, ta riƙe takardar ta daɗe tana kallo, sannan ta ce in bar mata ita.