Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Kwalin Taliya

Assalamu alaikum. Makon jiya na yi alkawarin yau zan kawo auren Yaya Babba da rigimar lefensa. Ku yi mani haƙuri. Shekaranjiya da asuba kyanwata Gurguwa ta mutu, tun daga lokacin kuma ba abin da ke yawo a kaina sai kwalin nan.

Hunturun shekarar da Sarkin Katsina Muhammadu Kabir Usman ya rasu ne, 2008, muna gidan gado na Ƙofar Marusa. Almajirinmu ya je zubar da shara, sai ga shi da kwalin taliya a ka. Ya ce, "Hajiya, kuka na ji a bola." An ɗaure kwalin tamau da tsumma, ka san da gangan aka yi. Ɗiyan kyanwa biyar, ido bai buɗe ba, cibiya ba ta faɗi ba, jikinsu sanyi ƙalau kamar randa.

Goggo tana bakin murhu tana jin ɗumi. Ko leƙawa ba ta yi ba ta ce, "Bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci." Haka take faɗa in an yi haihuwa, haka ta faɗa ranar da aka sallami Malam daga aiki. Ni dai na ɗauka umarni ne.

Uku daga cikinsu ni na kashe su da hannuna, ba zan ɓoye ba. Na sayi madarar shanu wurin 'yar Fulani, na kwantar da su rigingine kamar jarirai ina ɗura masu da cokali. Biyu ba su kwana ba. Na ukun ya kama zawo, tausayi ya sa na ɓantari Panadol na jiƙa na ba shi. Kafin la'asar fuska ta kumbura, dasashi ya yi duhu. Sai daga baya wani likitan dabbobi ya ce mani hantar kyanwa ba ta iya narkar da wannan magani, ɗan kaɗan ma ajali ne. Shi ya koya mani sauran: ɗan da ya yi sanyi ba a fara shi da abinci, sai an ɗumama shi da kwalbar ruwan ɗumi a naɗe cikin zane. A kife ake ba shi, da sirinji marar allura, duk awa biyu zuwa uku, har cikin dare. In ba a samu madarar da aka yi dominsu ba, nonon akuya ya fi na saniya. In ya ƙoshi a shafa ƙarƙashin wutsiya da auduga mai ɗumi, don uwar lasa take yi, in ba haka ba ko fitsari ba zai iya ba. Biyu suka rayu. A kwana na tara Gurguwa ta buɗe ido ɗaya a tafin hannuna.

A wannan watan ne aka yi suna gidan ƙanen Malam. Na shiga da turmin atamfata, facalata ta dubi matan da ke tsakar gida ta ce, "Wadda ba ta haifa ba ai dole ta goya mage." Aka yi dariya. Har da waɗanda na yi wa wankan jego. Ban tanka ba, amma har yau ina iya gaya maku kalar ɗankwalin da ke kanta.

Da na koma ina kuka, Malam ya ce, "Hajiya, an azabtar da mace saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema ba. Abu Huraira kuma da ɗan kyanwa aka yi mashi alkunya. Wa kike jin kunya?" Washegari ya kira magini aka ɗaga katangar tsohon turken awaki, aka sa ragar waya da ƙofar langa-langa. Allah ya jiƙan Malam. Wannan ne ɗakin da yaran unguwa ke kira gidan marayu.

Shekarun da suka biyo baya ba wani labari, sai wanki da kwasar yashi. Makero ya kama ni sau biyu a wuya. Aka ce gashin mage zai sa mani tarin fuka, aka ce baƙar cikinsu ba mage ba ce, da ita nake fita dare. Da na kai muzurai aka fiɗiye su, wani maƙwabci ya aiko wai ina canza halittar Allah, shi da ke da fiɗiyayyen bunsuru ɗaure a ƙofar gida. Kyanwa wata biyu da 'yan kwanaki take ɗaukar ciki, a shekara ta haihu sau biyu ko uku. Ya zo ya ciyar mana.

Lokacin kullen korona a 2020 suka kai ashirin da uku. Mahauta ba sa fita, masu figar kaji da ke tara mani hanji da kai sun rufe. Ranar na tsaya gaban ragar, duk sun zuba mani ido, na ce Goggo, ga bakunan da Allah ya tsaga, ke kuma kina kabari. Na sayar da 'yan kunnena na sayi busasshen kifi rabin buhu. Ban sani ba ko gardama nake da ita ko biyayya.

Af, na tsallake. Kafin korona ne facalar tawa ta aiko jikanta, wai ɓeraye sun cinye mata katifar kayan ɗakin 'yarta, a taimaka mata da mage ɗaya. Na ce ya koma ya ce ta zo da ƙafarta. Ta zo. Ta zauna kan tabarmata tana "Yaya, ai abin da ya wuce ya wuce." Na ba ta jikar Gurguwa, bayan ta rantse ba za ta sa shinkafar ɓera a gidan ba, don magen da ta ci ɓeran da ya ci guba ita ma tafiya take. Mutane na cewa na yafe. Magen dai na bayar.

Gurguwa ta tsufa har haƙora sun zube, sai romo take lasa. A gindin darbejiya muka rufe ta, ni da almajirin nan, wanda yanzu yake da shagon ɗinki da 'ya'ya huɗu. Shi ya haƙa ramin, bai bari yaransa sun taɓa fartanyar ba.

Auren Yaya Babba sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.