Yadda na koyi sauke tocila ƙasa

Ni da can in zan sayi tocila ƙarfin haske kawai nake dubawa. Na ce wa mai shago ya ba ni wadda ta fi kowacce, ya ɗauko min wata baƙa mai jikin ƙarfe, ƙwan LED, batirinta irin wanda ake kira 18650, mai caji da kebul ɗin USB, a kwalin an jera sifili a gaban lumen, wato ma'aunin ƙarfin haske, kamar fitilar filin ƙwallo, na san zuƙi ta malle ce amma na biya ina ta murna.

Kwana biyu da saye, asuba, an ɗauke wuta, na fito lungu zan tafi masallaci sai na ji motsin keke, kawai na ɗaga tocilar na dalle mai keken a fuska. Ashe Baba ne maƙwabcinmu, saura ƙiris ya afka kwata. "Kai ɗan nan sauke wutar nan, ka kashe min ido!" Na durƙusa ina ta Baba a yi haƙuri, shi kuma yana tsaye riƙe da kan keke yana ƙifta ido ya kasa tafiya. Ido na ɗaukar wajen minti 20 zuwa 30 kafin ya gama sabawa da duhu, ni kuma a sakan ɗaya na ɓata masa. Kunya kam na sha ta.

Daga ranar hasken ƙasa yake kallo, taku uku zuwa huɗu a gabana, in na hango mutum sallama nake yi ba haskawa ba. Kuma wallahi ƙasan nan ne wurin aikin, don da damina a hanyar gona na taɓa ganin kububuwa ta naɗe a gefen turba kalarta sak ta ƙasa, da sama nake haskawa da yanzu wani zancen ake, ƙila sai asibitin masu saran maciji na Kaltungo.

Abin da ke ban haushi da tocilar madannin ne, dannawar farko tana tashi da cikakken ƙarfi, ta biyu ta rage, ta uku ta hau walƙiya kamar motar 'yan sanda. In zan sake saye mai farawa da ƙaramin haske zan nema, shi ya fi daɗewa da caji, kuma a ɗaki ba ya tada yara. Yanzu tafin hannu nake rufe bakinta da shi har in kai na biyun.

Ta taɓa kunna kanta a aljihun riga, sai zafi na ji a cinya. Tun sannan nake ɗan warware murfin gindinta kafin in sa ta aljihu, ko an danna ba za ta kama ba. Caji kuma a kan siminti nake yi ba kan katifa ba, in ta cika na cire na rataye ta a ƙusar bayan ƙofa, inda ko a duhu hannuna ya san wurin.