Yadda na tatso haidurojin daga kashin shanu a Katsina

Ranar da aka amince da batun bincikena na digiri na biyu, na koma gida Ƙofar Marusa na faɗa wa Baba cewa zan fitar da iskar haidurojin daga metan, wato iskar da ta fi yawa a cikin gas. Ya ce, "To ita me ake yi da ita?" Sai na nuna masa buhun yuriya da ke jingine a zaure. Masana'antun taki irin na Dangote a Lekki da Indorama a Eleme da haka suke farawa: a haɗa iskar gas da tururin ruwa a sami haidurojin, a gama ta da naitirojin ta zama amoniya, daga nan a yi yuriya. Ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya yi albarka.

Bututun gas bai zo garinmu ba, don haka kwata na nufa. Na cika durom da kashin shanu da ruwa, na toshe, na zauna jira, don idan kashin ya ruɓe metan yake fitarwa. Cikin hunturu na fara, sanyin dare ya sa iskar ta yi ta jan ƙafa, sai da zafi ya shigo sannan robar tara iska ta kumbura sosai.

A takarda aikin ba wuya. Metan da tururi su bi ta kan nikel, wani ƙarfe mai hanzarta aikin, cikin bututun ƙarfe, a zafin da ya haura digiri 700, su rikiɗe zuwa haidurojin da kabon-monoksaid. Wannan ta biyun guba ce marar wari, shi ya sa kullum tagoginmu a buɗe suke. Ƙarin tururi kuma ya mayar da ita kabon-dayoksaid.

Mako na farko komai ya tafi daidai, sai sakamako ya fara raguwa kullum. Na zargi ma'auni, na zargi tanderu. Dattijon da ke kula da ɗakin gwaji ne ya kwance bakin robar, ya shinshina, ya miƙo mini. Warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ya ce, "Ɗana, farar wuta ce ta cinye maka nikel." Iskar kashin shanu tana ɗauke da ita, kuma ɗan kaɗan ya isa ya kashe nikel. Muka cusa tsatsattsen garin ƙarfe da na samo wajen masu walda cikin kwalba, iskar ta riƙa bi ta ciki tukuna. Cikin kwanaki garin ya yi baƙi ƙirin.

Asara ta biyu ta fi yi mini ciwo. Wuta ta ɗauke ina masallaci sallar la'asar. Famfon ruwa ya tsaya, tururi ya yanke, amma metan ta ci gaba da kwarara kan nikel mai zafi. Da muka buɗe bututun washegari, kunkunniya ta toshe shi tam, har ƙwayoyin nikel ɗin sun farfashe sun zama gari. Tun daga ranar ban yarda tururi ya gaza ninki uku na metan ba, kuma ba na kunna tanderu sai da janareta.

Kamun kabon, wato tsare kabon-dayoksaid kada ta fita ta gurɓata iska, shi ne zuciyar aikin. Na gauraya ƙonanniyar farar ƙasa da nikel ɗin, na sauko da zafi wajen digiri 650. Farar ƙasar tana shanye kabon-dayoksaid tun a cikin bututu, hakan kuma yana ƙara tsabtar haidurojin. A lissafi, giram 56 na farar ƙasa na iya riƙe giram 44 na kabon-dayoksaid. Na auna kafin da bayan gwaji, nauyi ya ƙaru. Na daɗe ina kallon sikelin nan, don iskar da ba a gani ce ga ta a hannuna tana da nauyi. Sai dai in an sake gasa farar ƙasar a digiri 900 don a maimaita, ƙarfin shanta raguwa yake yi zagaye bayan zagaye.

Na kai wa Malam babi na biyar ina murna. Ya karanta a natse, ya ɗago kai ya ce, "Wutar tanderun fa, daga ina?" Na yi shiru. Lita guda ta dizal tana fitar da sama da kilo biyu da rabi na kabon-dayoksaid, ni kuwa abin da na kama duka giram-giram ne. Ita ma farar ƙasar, sai da ta saki kabon lokacin da aka ƙona ta. A manyan masana'antu ma haka lamarin yake: kowane kilo na haidurojin yana zuwa da kilo 9 zuwa 10 na kabon-dayoksaid, kuma kaso mai yawa ta bututun hayaƙin tanderu yake fita. Aikin kamun kabon na Quest a Kanada, da ya fara a 2015, yana tura abin da ya kama ƙarƙashin ƙasa, zurfin kusan kilomita biyu. Nawa yana cikin kwalba a kan kanta.

Na karɓi babin na koma wajen dattijon, na roƙe shi littafin da yake rubuta man janareta. Muka zauna a bakin ƙofa yana karanto mini lita-lita ina rubutawa, har aka kira magariba.