Shin motarka mai turbo tana bukatar kwanturolar matsin iska?

Samarin da ke sayen motoci masu turbo a Kumasi, musamman na hannu da ake shigowa da su ta tashar jiragen ruwa ta Tema, ba sa daɗewa kafin wani ya raɗa musu cewa akwai wata 'yar na'ura da ake ɗaurawa a jikin tiyo, wadda za ta ƙara wa inji ƙarfi ba tare da an kwance noti ko ɗaya a cikinsa ba. Kwanturolar matsin iska ke nan, kuma ƙannena na Aboabo da Asawase sun sha tambayata ko mota tana bukatarta. Motar da take nan yadda kamfani ya ƙera ta ba ta bukatarta, kuma sai da na yi asarar inji sannan na yarda da haka.

A cikin turbo, hayaƙin da inji ke fitarwa shi ne yake juya wata ƙaramar fanka, wadda kan wuce juyi 100,000 a minti ɗaya, ita kuma tana haɗe da wata fankar da ke cusa iska cikin silinda. Da za a bar su haka, matsin zai yi ta hawa har injin ya kasa ɗauka, shi ya sa aka yi wa turbo ƙofar sakin hayaƙi, wadda sifirin ke riƙe da ita a rufe. Wani siririn tiyo ne yake kai matsin wurin sifirin ɗin, kuma da zarar ya fi ƙarfinsa sai ƙofar ta buɗe, wani ɓangare na hayaƙin ya bi ta gefe ya wuce zuwa salansa. Kwanturolar da ake murɗawa da hannu tana zama ne a tsakiyar wannan tiyo, ta tare matsin ko ta zubar da kaɗan daga cikinsa, sai ƙofar ta makara wajen buɗewa, matsin ya haura. Iyakar aikinta ke nan. Ba ta ƙara mai, ba ta sanyaya iska, kuma ba ta iya sauke matsi ƙasa da ƙarfin sifirin, saboda haka wanda matsin motarsa ke wuce kima bai samu magani a wurinta ba.

Abin da mai sayarwa ba zai faɗa maka ba shi ne motarka ta riga ta zo da tata kwanturolar. Tun shekarar 1982 kamfanin Saab ya fara fitar da motocin da na'urar lantarki ke sarrafa matsin turbonsu, tana sauraren ƙwanƙwasar inji, wato fashewar fetur da kansa a cikin silinda, ta sassauta da zarar ta ji ta. Yau kusan kowace mota mai turbo haka take, akwai ƙaramin bawul na lantarki da kwamfutar motar ke buɗewa tana rufewa, irin wanda ake kira N75 a motocin Volkswagen da Audi. Sababbi da yawa ma ba su da tiyon, lantarki ne ke tura ƙofar kai tsaye. Duk wanda ya kewaye wannan bawul ya sa kwanturolar hannu a gurbinsa, ya ƙwace linzamin ne daga hannun kwamfutar da ke lura da zafi da ƙwanƙwasa, ya damƙa wa sukurin da bai san komai ba.

Haka na yi. Na sayo kwanturolar, na kai wa maigidan da ke duba mini mota a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, ya jujjuya ta a hannu ya ce, “Alhaji, ina ma'aunin matsinka?” Na ce ba ni da shi. Ya ce to shi ba zai ɗaura ba, ni kuwa na ɗauki maganarsa tsoron tsofaffi, na koma gida na ɗaura da kaina. Motar ta yi ƙarfi, wannan gaskiya ne, kuma daɗin da na ji ne ya sa na ƙara murɗawa. Ta fara yanke mai idan na take totur sosai, fitilar inji ta kama, wanda gargaɗi ne ƙarara cewa matsin ya wuce iyaka, amma na sa aka goge laifin daga kwamfuta na ci gaba. Wata rana da tsakar rana a kan hanyar Accra, ina ƙoƙarin wuce babbar mota bayan Konongo, na ji ƙara siririya kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, sai ƙarfi ya faɗi, shuɗin hayaƙi ya biyo baya. Da aka buɗe injin, maigidan ya ɗora mini fistin a tafin hannu. Gefensa na sama ya zaizaye ya yi ƙananan ramuka, wurin da rin ke zama ya tsage, bakin fulogin silindar kuma ya yi fari fat.

Dalilin a fili yake. Iska tana zafi idan aka matse ta, kuma gwargwadon zafinta da matsinta, gwargwadon saurin da fetur zai fashe da kansa kafin wutar fulogi ta kai gare shi. Wannan fashewar ita ce ƙwanƙwasa, ita ce ke cin fistin. A tafiyar yau da kullum inji yana haɗa iska kashi 14.7 da fetur kashi ɗaya, amma idan turbo ya cika yana son fetur ya ƙaru, wajen iska kashi 12 da fetur kashi ɗaya ko ƙasa da haka, domin rarar man tana sanyaya silinda. Idan ka ƙara iska alhali famfon mai da injektoci masu fesa shi sun kai ƙarshen ƙarfinsu, haɗin ya yi ƙarancin mai, zafi ya hau. Sai kuma yanayinmu. Motocin nan da yawa an tsara su ne don fetur mai lamba 95, lambar da ke nuna juriyarsa ga ƙwanƙwasa, alhali na gama-gari a gidajen manmu mai lamba 91 ne, ga rana mai wuce digiri 30, ga cunkoson Kejetia da ke gasa intakula, wato na'urar da ke sanyaya iskar turbo, kafin ka samu fili. Ratar da kamfani ya bari don kariya ta riga ta ragu a nan tun ba a taɓa komai ba.

Yawancin masu neman kwanturola ƙarfin da motarsu ta rasa suke nema, kuma shi yana da inda ya tafi. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, tiyon roba yana tsagewa ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa, intakula tana hujewa, bawul ɗin lantarki yana gajiya. A fara gwada ko matsi yana zurarewa. Idan yana zurarewa ka ɗaura kwanturola a kai, turbon ne zai yi ta ƙara gudu don cike giɓin har ya lalace.

Akwai inda kwanturola ke da gurbi, ba na musun haka. Wanda ya canza turbo zuwa babba, ko ya sa wa injin da bai zo da turbo ba, yana bukatar abin da zai sarrafa matsin, kuma ta lantarki ta fi ta hannu domin tana riƙe shi daidai. Amma ita ce ta ƙarshe a jerin aikin, bayan ma'aunin matsi da ma'aunin haɗin iska da mai, bayan an tabbatar famfo da injektoci da intakula za su ɗauka, kuma bayan wanda ya iya ya sake saita kwamfutar a kan fetur ɗin da za ka riƙa sha. Ko a lokacin kaɗan-kaɗan ake ƙarawa ana duba ma'auni. Idan kuma tafiya ta kai ka Tamale ko Bolgatanga, inda zafi ya fi na Kumasi, ko ka tsaya gidan man da ba shi da mai lamba 95, ka mayar da matsin ƙasa tun kafin ka hau titi.