Ya ji tsoron guguwar Amurka, bai ji tsoron kwatar Nima ba

Har yau ina jin haushin kaina kan daren da na miƙa wa autana waya na koma kicin. Shekararsa 9. An ba su aikin gida kan mahaukaciyar guguwa, muka buɗe shafin yara mai suna Space Place na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka. Shafin ba shi da laifi. Mun koyi cewa sai ruwan teku ya yi ɗumin kusan digiri 27 a ma'aunin Celsius take samun ƙarfi, kuma sai gudun iskar ya kai kilomita 119 a awa ake ba ta wannan suna. Abin da ya fi burge shi idon da ke tsakiyarta, inda iska ke kwance alhali kewaye ana ta ɓarna.

Sai na ji ƙaurin miya. Na bar shi da wayar kamar minti 40, ashe ya zarce YouTube, wannan bidiyo ya ja wancan, har ya kai ga guguwar Katrina ta 2005, mutanen New Orleans a kan rufin gidaje suna ɗaga hannu a cece su.

Kwana uku bayan haka ruwan Mayu ya sauko cikin dare, kwanon ɗakinmu na ƙara. Na farka na gan shi tsaye da jakar makaranta a baya, ya cusa allonsa da takalmi a ciki. "Mma, ta iso ko?" Wajen mako biyu ko hadari ya haɗu sai cikinsa ya ɗuri ruwa. Duk saboda minti 40 ɗin nan.

Dole na zauna na yi karatun da ya kamata in yi tun farko. Ashe irin wannan guguwa da wuya ta ƙullu kusa da ikwaita, layin da ya raba duniya gida biyu, don a nan juyawar duniya ba ta iya murɗa iskar, garinmu Accra kuwa digiri 5 da ɗoriya ce kawai daga layin. Abin mamaki, da yawa cikin waɗanda ke faɗa wa Amurka daga hadarin Afirka ta Yamma suke somawa, su nufi yamma, su fita teku ta wajen Senegal. Na ɗora yatsansa a taswira na ja. Na ce, "Ka gani, ƙeyarta muke gani." Ranar ya yi barci.

Na zaci an gama. Wata la'asar bayan ruwa ya ɗauke na hango shi a bakin babbar kwatar Nima, unguwar da ke nan Accra, ƙafa ɗaya a ruwa, yana neman ciro silifas. Jikina ya mutu. Yaron da ke kuka kan abin da ba ya zuwa nan bai san abin da ke cin mutane a garinmu ba. Ba a haife shi ba ranar 3 ga Yunin 2015, da ambaliya da gobarar gidan mai a shataletalen Circle da ke nan Accra suka kashe mutum sama da 150, ni kuma ban taɓa ba shi labarin ba.

Na ɗauko tef ɗin awon ɗinkina, na auna santimita 15 a ƙwaurinsa. Na ce ruwa mai gudu iya nan yana iya kayar da babban mutum kamar babansa. Ya daɗe yana kallon wurin.

Yanzu sanarwar hukumar yanayi ta Ghana muke dubawa tare in damina ta kama. In kuma miya ta kira ni, da wayar nake tashi.